Bana Kasonde da Farin Kwano

A unguwar Kasanda ta garin Kabwe kowa ya san Bana Kasonde ba ta yarda da mutane. Sunanta na yanka Esnart, amma tun da ta haifi ɗanta Kasonde ake kiranta Bana Kasonde, wato uwar Kasonde, sunan ya ɓace, sai dai a coci a ji shi jefi-jefi. Sana'arta munkoyo, wani kunun masara da ake jiƙa wa wata saiwa ya kwana ya yi tsami, tana sayar da shi a bakin kasuwa. Idan ta sayi gawayi, a gaban mai shi za ta zazzage buhun ta ga ko an cusa duwatsu a ƙasa. Idan maƙwabciya ta yaba zanenta, ranar a cikin ɗaki za ta shanya shi.

Ba haka aka haife ta ba. Waɗanda suka san ta tana amarya sun ce mace ce mai yawan dariya. Mijinta a wurin narka dalma ya yi aiki, zamanin da ake haƙo ta a bayan gari. Kullum idan an tashi ana ba ma'aikata madara, a ce su shanye, tana wanke jiki. Yana sha, wani lokaci ya rage ya kawo gida. Da ciwon ciki ya fara murɗa shi aka ce giya ce, shi da ko a wurin biki ba ya taɓa ta. Daga baya aka rufe aikin, aka bar musu baƙin tsaunin tarkace da ƙasar da yara ke wasa a ciki. Bayan wasu shekaru ƙafafunsa suka kumbura, fitsari ya ƙi fita, aka ce ƙoda ce. Tun daga ranar da aka binne shi, duk abin da mai farar riga ya faɗa sai ta juya shi ta duba bayansa.

Abin da ya rage mata a gidan shi ne Lombe, 'yar Kasonde. Uwar ta rasu yarinyar tana goye, uban kuma direban babbar mota ne, sai ya yi watanni bai leƙo ba. A bayan Bana Kasonde Lombe ta girma, yarinya mai shiru-shiru, mai son tona rami a tsakar gida da murfin kwalba. Sai dai a al'adarsu ɗa na dangin uwarsa ne, wannan ba abin gardama ba ne. Kawun yarinyar, Chitalu, wanda don girmamawa ake ce wa Ba Chitalu, manomi ne a wani ƙauye na Serenje. Duk shekara bayan girbi zai iso da garin rogo da gyaɗa da zuma, ya zauna a kan kujerar baƙi, ya gaisa cikin ladabi, sannan ya ce, "Mun zo ganin 'yarmu." Ita kuwa duk shekara tana da dalilin hana shi tafiya da yarinyar. Bana tari take yi. Bana sanyi ya yi yawa. Bana sai ubanta ya dawo.

Da ma'aikatan lafiya suka shigo unguwa suna gwada jinin yara, Bana Kasonde ta kulle ƙofarta. Tana ƙarama uwarta ta sha ba ta labarin mutanen da ke kama matafiya su tsotse musu jini su sayar, kuma ba ta taɓa jin an ƙaryata ba. Amma a lokacin Lombe ta fara ture tuwo, tana riƙe ciki tana kuka, sai ta yi kwanaki ba ta zagaya ba. Tsohuwar ta san wannan riƙon cikin, ta gan shi a jikin mijinta. Ta ɗaura ɗankwali ta kai ta asibitin unguwa, ta tsaya a kan wadda ke ɗibar jinin kamar mai gadin kaji.

Nas ɗin da ta ba su sakamako sunanta Sista Namakau, yarinya ce da ba ta kai Kasonde shekaru ba.

"Kaka, dalmar da ke jinin yarinyar nan ta yi yawa. Ga magani."

Bana Kasonde ta buɗe kwalbar ta shinshina, ta kawar da kai. "Wannan ai ruɓaɓɓen ƙwai ne. Da shi za ku ƙarasa min ita?"

"Haka warinsa yake, ki haɗa mata da ɗan abinci. Ki saurare ni da kyau. Maganin zai kama dalmar, ƙoda ta tace, ta fita ta fitsari. Ƙodar ƙarama ce, aikin kuma babba, sai kin taimaka mata. Ruwa mai tsabta, ta yi ta sha. Ta ci ganye da wake da kifi, kada cikinta ya ɗaure. Ban da maganin wankin ciki, ban da na kasuwa, ban da na wata ƙawa. Kuma ki riƙa dawo da ita muna duba jini, mu ga ƙoda da hanta suna ɗaukar nauyin."

"Wani jinin kuma? Na ranar nan fa, har kun shanye?"

Sista Namakau ta yi dariya. "Haba Kaka, ɗan digon nan ko sauro ba zai ƙoshi ba." Ta rufe kwalbar ta miƙa mata. "Sai abu na ƙarshe. Mu muna fitarwa, ƙasar gida tana mayarwa. Ba ku da dangi a ƙauye, inda za ta je ta zauna nesa da nan?"

Hannun tsohuwar ya tsaya a kan kwalbar.

"Wa ya gaya miki muna da dangi a ƙauye?"

"Ba kowa. Tambaya ce, kowa ina yi masa."

"Uhm," in ji Bana Kasonde.

Kafin su isa gida ta gama haɗa lissafinta. Zuwan Chitalu na ƙarshe ya shiga gari shi kaɗai, ya yini, ya ce wai takalmi ya je nema, kuma ya dawo ba takalmi. Yanzu ga wata yarinya mai farar riga tana maganar ƙauye. Shekara da shekaru ya kasa karɓar Lombe da ladabi, to ya biyo ta asibiti.

Duk da haka ba ta zubar da maganin ba, don ita mai zargi ce, ba wawiya ba. Ta riƙa ba da shi a kan lokaci. Tana tafasa ruwa ta rufe, ta bi yarinyar da kofi duk inda ta zauna. Ta daina sharar busasshiyar ƙasa, sai ta yayyafa ruwa. Ta dafa ganyen kabewa da gyaɗa, ta saya mata ƙananan kifin kapenta, ta ƙara da madara saboda abin da aka saba. Amma ta ƙudura sai ta gani da idonta. Mijinta ya sha gaya mata cewa a tukunyar narki dalma ce ke nutsewa ƙasa, don ta fi komai nauyi. To idan da gaske tana fita ta fitsari, dole ta kwanta. Ta ciro wani farin kwano daga kayan aurenta. Kullum da safe Lombe ta tsuguna a kai, ita kuma ta kai shi bayan madafa ta rufe. Idan rana ta take, ta karkata shi ga haske ta leƙa gindinsa.

Fari tas, kamar ranar da aka saye shi.

Labari ba ya ɓuya a Kasanda. Ba Jere, tsohon abokin aikin mijinta, kullum yana zaune a bencin rumfarta. Shi ɗan ƙabilar Bangoni ne, ita 'yar ƙabilar Babemba, tsakaninsu wasa ne tun kakanni, babu abin da ba zai iya gaya mata ba.

"Tsohuwa, an ce kin buɗe sabon wurin haƙa a bayan madafa. Yaushe za a fara ɗaukar ma'aikata? Ina da ƙwarewa."

"Rufe min baki, mai cin ɓera."

"Gara ɓera da biri. Ku da kuka cinye na daji kaf." Ya kurɓi munkoyo ya goge gemu. "Amma tsakani da Allah, Bana Kasonde, dalmar da ta shiga jikinmu ni da marigayi, kin taɓa ganinta tana shiga? To yaya za ki gan ta tana fita?"

"Kai ma sun biya ta wajenka ke nan."

"Ni? Da sun biya da kin ga na sake hula."

Ranar komawa duba jini ta zo ta wuce, ba ta je ba. A ganinta ɗaya ne cikin biyu: ko maganin ƙarya ne, ko kuwa babu wata dalma tun farko, an shirya ne don a raba ta da jikarta.

Cikin wannan hali wani saurayi ya kafa tebur a bakin kasuwa, da lasifika da ƙullin garin magani. A gabansa kwalabe biyu, ɗaya fitsari ne kamar na kowa, ɗaya kuma baƙi-baƙi mai kore, kamar ruwan kwata. Yana ɗaga ta biyun yana cewa ga dalma nan ta fito daga jikin wani yaro, ba allura, ba ɗibar jini, uwa za ta gani da idonta washegari. Mata suka yi masa zobe. Bana Kasonde ta daɗe a tsaye daga gefe. Abin da take nema a gindin kwano ke nan, ga shi a kwalba. Ta saya, ta ƙulle a bakin zane.

Amma ba ta ba Lombe ba. Ta ajiye ƙullin a saman kabad tana kallonsa yana kallonta. Matar da ke zazzage buhun gawayi ba za ta zuba wa jikarta garin wani mai lasifika ba sai ta gwada. A kan wa? Idan ita ta sha ya fito baƙi, ba ta gano komai ba, don duk rayuwarta a cikin ƙasar nan ta yi. Haka Ba Jere, haka duk wanda ta sani a unguwar. Mutumin da ake bukata shi ne wanda bai taɓa zama a Kabwe ba.

Sai ga Ba Chitalu da yamma, ba lokacin girbi ba, ba aike.

"Mun ji 'yarmu ba ta da lafiya," in ji shi bayan an gaisa.

"Wa ya gaya muku?"

"Kasonde ne ya kira mu a waya."

"Ashe," ta ce. A ranta ta ƙara sunan ɗanta cikin waɗanda za ta sa wa ido.

Ta shiga madafa ta cika babban kofi da munkoyo, ta kwance ƙullin, ta juye, ta motsa. Ta fito ta durƙusa a gabansa. Mai ba da abin sha shi ke fara kurɓa a gaban baƙo, don a cire zargi, kuma ba ta tsallake wannan ba. Ta jiƙa leɓenta, ta haɗiye ɗan abin da ya shiga, ta miƙa masa da hannu biyu. Shi kuwa ya sha hanya, ya kafa kai sai da ya ga gindin kofi.

"Saiwar bana tana da ɗan ɗaci," ya ce.

"Haka ake kawo ta yanzu."

Gari na wayewa unguwa ta ji muryarsa. Ya yi ta safa da marwa tsakanin ɗaki da bayan gida har ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa, ya zube a gindin mangwaro yana riƙe da wando, fuskarsa ta yi furu-furu.

"Jama'a ku zo ku gani! Ta kashe ni! Saboda yarinya ta sa min guba!"

Maƙwabta suka cika tsakar gida. Bana Kasonde ta fito, ita ma cikinta yana ɗan juyawa, ta tsaya a kansa.

"Suruki, fitsarin wane launi ne?"

"Kuna ji ko? Kuna jin abin da take tambayata?"

"Ku dai gaya min."

"Baƙi ne! Baƙi da kore, kamar na wanda aka yi wa asiri!"

"Kun taɓa aiki a wurin dalma? Kun taɓa zama a garin nan?"

"Ni? Ni da ko kwana uku ba na yi a wannan garin naku?"

Ga amsar da take nema ta samu: rini ne da maganin wankin ciki, zai fito baƙi ko a jikin wa. Sai idonta ya faɗa kan Lombe, tana tsaye a bakin ƙofa da kofin ruwanta, ƙafafu kamar sillen kara. Ta sake duban ƙaton manomin da ke kwance ya kasa ɗaga kai. Ta dafa bango.

Ba Jere ne ya kutso cikin mutane. "To, Babemba sun gama da birai sun koma kan surukai. Ku kama min shi, ku nemo tasi."

A asibiti Bana Kasonde ba ta kalli komai ba sai fuskoki biyu, ta nas da ta Chitalu. Tana jiran ta ga ɗan ƙifta ido, ko gaisuwar da ta wuce ta baƙi. Sista Namakau ta dubi mutumin da aka shigo da shi ta ce, "Wannan kuma wane ne?" Shi kuwa Chitalu da ya hango allura sai ya fara ja da baya a kan gado.

"Kada ku bari su ɗebi jinina! Sayarwa suke yi, kowa ya sani a ƙauyenmu!"

"Baba, ruwa za mu ƙara maka, ba ɗiba za mu yi ba. Kwanta."

Da aka ɗaura masa ƙarin ruwa, nas ɗin ta karɓi takardar ƙullin ta shinshina, ta juyo. Dariyar ranar nan babu ita.

"Kaka, yarinyar ta sha?"

"Ko ɗanɗane."

"Ki gode wa Allah. Kin ga yadda ya zuƙe ƙato. Da ita ce, ruwan jikinta zai ƙare, ga maganinmu yana aiki, ƙodar da me za ta tace? Kuma ina kika shiga ranar duba jini?"

Bana Kasonde ta juya wurin jikarta. Ta kamo hannun Lombe ta naɗe mata hannun riga da kanta.

Sakamakon ya fito Chitalu yana kwance bai tafi ba. Ƙoda lafiya, hanta lafiya. Sista Namakau ta ce ruwan da abincin sun yi aikinsu, a nan ba ta da abin cewa. Dalmar ma ta sauka, amma ba yadda ake so ba, kuma da an gama maganin za ta sake hawa muddin yarinyar tana kwana tana tashi a Kasanda. Ba za a yi ta ɗura wa ƙaramar yarinya magani ba iyaka.

"Na yayyafa ruwa," in ji tsohuwar. "Na wanke mata hannu har ya fara tsagewa."

"Na sani, Kaka. Ba tsakar gidanki kaɗai ba ce. Hanya ce, filin wasa ne, iska ce."

Ta fita ta zauna a baranda ta daɗe. Sannan ta shiga wurin Chitalu. Yana ganinta ya jawo bargo har wuya.

"Ku tsaya daga nan," ya ce. "Na yi tunani. Ba zan kai ƙara ba, don kunyar 'yar'uwata da ke ƙasa. Yarinya kuma ku riƙe ta. Na bar muku. Ni da Kabwe har abada, ina da 'ya'yan da ke jirana."

Maganar da ta yi shekaru tana roƙon Allah ta ji ke nan. Ta tsaya riƙe da ƙarfen gado. Sai ta durƙusa a kan simintin, tsofai-tsofai da ita, a gaban marasa lafiya da masu jinya, ta tafa hannu a hankali yadda ake yi wa manya.

"Suruki, na yi muku laifi. Ku tafi da ita."

Ya leƙo daga bargon. "Wace dabara ce kuma wannan?"

"Babu dabara."

"Jiya guba, yau kyauta? In tafi da ita, wani abu ya same ta, ku ce ni ne?"

"Idan ta zauna a nan ne abin zai same ta. Na ga yadda kakanta ya ƙare. Ku tafi da ita, don Allah."

Bai amsa a ranar ba. Sai da Ba Jere ya shiga tsakani, aka kira Kasonde a waya, aka kai wa Chitalu kazar ban haƙuri, ya sa aka yanka a gabansa kuma matar Ba Jere ta dafa. Sannan ya ce ya ji. Bana Kasonde kuwa, da ta ga magana ta zauna, sai halinta ya dawo. Ta sa shi ya maimaita mata lokutan maganin har ya haddace. Ta tambayi nisan rijiyarsu da bayan gida, da wanda ke dafa abinci, da ko matarsa tana da saurin hannu a kan yara. Ta ce duk ranar duba jini ita za ta je ta ɗauko yarinyar ta kuma mayar, don ba ta yarda mai tsoron allura zai kawo ta ba.

A tasha Lombe ta riƙe mata zane ta ce, "Kaka, ke ba za ki hau ba?"

"Wa zai tsare gidan? Hau, ina nan tafe."

Ta tsaya har motar ta sha kwana, sannan ta koma kasuwa ta buɗe rumfarta. Mai lasifika ya riga ya naɗe teburinsa ya bar gari.

Tana zuwa Serenje kamar yadda ta ce. Ana karɓarta da mutunci, a ba ta ɗaki da ruwan wanka, amma ba a barinta kusa da murhu. Lombe ta yi kumatu, tana cin tuwon rogo da hannu biyu, ta koyi surutu. Duk lokacin da suka zo asibiti tsohuwar takan tambayi Sista Namakau ko lokacin dawowa ya yi, ita kuma ta ce da saura. Har yau idan Ba Jere ya tsokane ta takan ce ita fa ba ta wanke kowa ba, don har yanzu ba a gaya mata inda Chitalu ya yini ranar neman takalmi ba.

Da shekarar shiga makaranta ta zo, Kasonde ya kira ya tambaye ta inda za a sa yarinyar, a Kabwe ko a can. Ta ce ya ba ta zuwa jibi. Ba ta kira shi ba. Ta je ta yanko yadi kalar kayan makarantar ƙauyen su Chitalu, ta kai wa tela, ta zauna a gabansa har ya gama ɗinkin.